Babur Mai Ƙafa Huɗu Da Tattalin Arzikin Karkara: Misalin Turbobin Hatfield-McCoy A Amurka

Gabatarwa

Idan aka ambaci yawon buɗe ido, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne bakin teku, ko gandun namun daji irin na Yankari, ko kuma tsofaffin gine-gine da ganuwa. Akwai wani nau'i kuma da ba a cika maganarsa a wajenmu ba, wato wanda mutum zai ɗaure abin hawansa a kan tirela, ya yi tafiyar yini guda, ya biya kuɗi, don kawai a bar shi ya shiga daji ya yi ta hawan tsauni da ratsa taɓo har rana ta faɗi. Ga wanda ya tashi a ƙauyen da damina ke yanke wa hanya, wannan zance zai yi kama da wauta, domin abin da muke roƙon gwamnati ta raba mu da shi ne wasu ke zuba kuɗi su saya. To amma abincin wani gubar wani. A kudancin jihar Bajiniya ta Yamma da ke Amurka akwai garuruwa da dama waɗanda a yau masu wannan sha'awa ne ke riƙe da kantunansu da gidajen abincinsu.

A wannan maƙala zan yi bayanin abin da ya kai waɗannan garuruwa ga wannan sana'a, da yadda aka tsara ta, da ƙofofin da kuɗi ke bi su shiga aljihun mutanen gari, da kuma wuraren da abin ya gaza.

Tun da mu ɗaliban harshe ne, ya kamata in fara da kalmomin da zan yi amfani da su. Abin hawan da ake magana a kansa iri biyu ne. Na farko babur ne mai ƙafa huɗu masu kauri, ana hawansa kamar yadda ake hawan babur, ana kuma sarrafa shi da hannuwa irin na babur. Kamfanin Honda ne ya fito da kakansa a 1970, mai ƙafa uku, amma saboda yawan kifewa da yake yi da mutane, musamman yara, sai kamfanoni suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka a 1988 aka daina sayar da sabo. Kafin nan, a 1982, kamfanin Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne kuma ya gaji kasuwar. Iri na biyu ƙaramar mota ce marar gilashi, mai sitiyari da kujeru gefe da gefe, da ƙarafan kariya a samanta. Ita wannan a shekarun 2000 ta yi tashe, kuma ita ce ta jawo mata da yara da tsofaffi cikin harkar, domin tana ɗaukar iyali guda. Zan kira na farko babur mai ƙafa huɗu, ta biyu kuma motar daji. Hanyar da suke bi kuwa na zaɓi in kira ta turba, saboda titi na kwalta ne, burtali na dabbobi ne, kalmar hanya kuma ta cika faɗi.

Ƙasar Kwal

Jihar Bajiniya ta Yamma tana kwance ne gaba ɗayanta a cikin tsaunukan Afalaciya. Kudancinta, wato gundumomin McDowell da Mingo da Logan da Wyoming da maƙwabtansu, tsauni ne bayan tsauni a lulluɓe da itatuwa. Garuruwan a matse suke cikin ƙananan kwaruruka a bakin rafi, inda sau da yawa shimfiɗaɗɗen filin bai wuce wanda titi ɗaya da layin dogo ɗaya da jerin gidaje za su zauna ba. Noma na kirki ba ya yiwuwa a irin wannan wuri. Arzikin yankin a ƙarƙashin ƙasa yake, wato ma'adinin kwal. Tun da layin dogo ya ratsa yankin a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanoni suka yi ta haƙa ramuka, suka gina garuruwa sukutum domin leburorinsu, mutane kuma suka kwararo daga kudancin Amurka da Italiya da Hangare da Folan. Ƙaramin garin Bramwell har suna ya yi da yawan attajiran kwal da suka gina manyan gidaje a cikinsa. A wannan yanki ne kuma aka yi mummunan artabu tsakanin leburori da 'yan bindigar kamfanoni, a garin Matewan a 1920 da kuma tsaunin Blair a 1921.

A shekarun 1940 masu haƙar kwal a jihar sun haura 120,000. A yau ba su kai 20,000 ba. Abin da ya fara kore su shi ne injuna, domin daga shekarun 1950 inji ɗaya ya koma yin aikin da mutane da yawa ke yi da shebur. Daga baya aka koma fasa kan tsauni a kwashi kwal ɗin daga sama, aikin da ke buƙatar manyan motoci da 'yan tsirarun direbobi. Sannan kuma iskar gas ta yi araha a Amurka bayan 2008, tashoshin lantarki da yawa suka juya wa kwal baya.

Ƙidayar jama'a ta fi kowane bayani nuna ɓarnar. Gundumar McDowell tana da mutum 98,887 a 1950. A 2000 sun koma 27,329. Talaucin yankin ya daɗe da zama abin magana a ƙasar: John Kennedy ya zaga shi lokacin yaƙin neman zaɓe a 1960, kuma da ya hau mulki, mutanen McDowell ne suka fara karɓar takardun tallafin abinci na gwamnati a 1961. Babban kantin Walmart da ke garin Kimball ya rufe a 2016. Bugu da ƙari, annobar shan ƙwayoyin rage raɗaɗi ta yi wa yankin mummunan kamu. Binciken majalisar wakilan Amurka ya nuna cewa cikin shekaru goma an kai ƙwayoyi sama da miliyan 20 ga kantunan magani biyu kacal a garin Williamson, garin da mutanensa ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba. Mai karatu da ya san yadda harkar kwal ta mutu a Inugu, ko ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos, zai gane irin wurin da nake nufi.

Sai dai kwal da katako da gas sun bar wani abu guda da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci: ɗimbin tsofaffin hanyoyin ƙasa da aka yanka a jikin tsaunuka domin jigilar kaya. Mutanen yankin sun daɗe suna bin su da baburansu, wajen farauta ko don nishaɗi, ba tare da izinin kowa ba.

Yadda Aka Ƙulla Al'amarin

A nan ne nake ganin darasin ya fi yawa, don haka zan ɗan tsaya.

A yammacin Amurka, jihohi irin su Yuta, mafi yawan daji na gwamnatin tarayya ne, saboda haka buɗe turba magana ce ta hukuma da hukuma. A kudancin Bajiniya ta Yamma kuwa, dajin na kamfanoni ne, waɗanda akasarinsu hedikwatarsu ma ba a jihar take ba. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya nuna cewa a gundumar Wyoming, manyan masu filaye goma ne ke riƙe da wajen kashi uku cikin huɗu na filayen da ba na gwamnati ba, a McDowell kuma sama da kashi 60 cikin 100. Su kuwa waɗannan kamfanoni babban abin da suke tsoro shi ne kotu. A dokar Amurka, idan ka ba mutum izinin shiga filinka ya karye, yana iya kai ka ƙara ya nemi diyya mai yawa. Don haka amsar kowane kamfani ga mai neman izini ita ce a'a, duk da cewa sun san mutane na shiga a sace, suna zubar da shara, wani lokaci ma suna tayar da gobara.

A 1996 majalisar dokokin jihar ta kafa wata hukuma ta musamman, Hukumar Shaƙatawa ta Yankin Hatfield-McCoy, ta kuma yi dokar da ta sauke wa mai fili nauyin abin da ya sami mahayi a kan turba. Hukumar ce ke sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ita ke ɗaukar inshora, ita ke gyaran turba da kafa alamomi, ita kuma ke kula da tsaro da bin doka. Fili yana nan a hannun mai shi, yana kuma da ikon ya sa a rufe wani sashe ko a karkatar da shi duk ranar da yake son haƙar kwal ko saran katako. Abin da kamfani ya samu shi ne kwanciyar hankali da mai gadi na kyauta. Abin da jama'a suka samu shi ne damar amfani da dubban kadadu da ba za su taɓa iya saye ba.

An buɗe turbobin a watan Oktoba na 2000 da tsawon mil 300, wato wajen kilomita 480, a sassa uku: Rockhouse da Buffalo Mountain da Bearwallow. Yanzu sun haura mil 1,000, kimanin kilomita 1,600 ke nan, kuma a buɗe suke kowace rana ta shekara. Kowane mahayi sai ya sayi izinin shekara, wato wata sitika da ake mannawa a hular kwano. A shekarun 2010 kuɗinta dala 50 ne ga baƙo, ɗan jiha kuma yana biyan kusan rabin haka. Hular kwano dole ce, ba a hawa da dare, ba a shan giya a kan turba. An kuma rarraba turbobin da launi gwargwadon wuyarsu: kore ga ɗan koyo, shuɗi ga wanda hannunsa ya ɗan faɗa, baƙi ga gwani, akwai kuma ƴar siririyar turba ta masu babur mai ƙafa biyu.

Amma dabarar da ta fi kowace tasiri ga tattalin arziki ƙarama ce a ido. Masu tsarin sun yi ƙoƙarin ganin kowane sashe yana da reshen da ke gangarowa cikin gari, garuruwan kuma, irin su Gilbert da Man da Matewan, suka yi dokokin da suka halatta wa waɗannan ababen hawa bin titunansu. Sakamakon haka, mutum zai fito daga masaukinsa da safe a kan baburinsa, ya hau tsauni, da azahar ya sauko wani gari ya sha mai ya ci abinci, ya sake komawa daji. Da a ce turbobin sun fara a wani filin ajiye motoci a bayan gari sun kuma ƙare a nan, da baƙo zai zo da abincinsa a kula, ya yi wasansa, ya koma gida, mutanen gari kuwa ƙura kawai za su gani. Haka kuma hukumar ba ta mayar da kanta mai otal ba. Ta bar wa 'yan kasuwa maganar masauki da abinci da hayar babura.

Sunan Da Aka Sayar

Sunan turbobin kansa abin nazari ne ga ɗalibin harshe. Hatfield da McCoy zuri'o'i biyu ne da suka zauna a gaɓa biyu na kogin Tug, Hatfield a ɓangaren Bajiniya ta Yamma, McCoy a ɓangaren Kentaki, kuma suka shafe shekaru suna kashe juna bayan yaƙin basasar Amurka. Shugaban gidan Hatfield shi ne William Anderson Hatfield, wanda ake wa laƙabi da Shaiɗan Anse, na gidan McCoy kuma Randolph McCoy. An yi shari'a tsakaninsu a 1878 a kan mallakar alade guda. A 1882, ranar zaɓe, 'ya'yan McCoy uku suka kashe ƙanen Anse, su kuma Hatfield suka kama su suka harbe. A daren sabuwar shekara ta 1888 aka ƙone gidan Randolph McCoy aka kashe 'ya'yansa biyu. Rikicin ya kai har Kotun Ƙolin Amurka, aka kuma rataye mutum ɗaya a 1890.

Jaridun manyan birane sun yi amfani da wannan labari suka siffanta mutanen tsaunuka a matsayin jahilai masu saurin zare bindiga, tabon da ya bi yankin sama da shekara ɗari. Sai ga shi wannan sunan ne aka ɗauko aka rataya wa turbobin, domin ba Ba'amurken da bai taɓa jin sa ba. Jikokin gidajen biyu sun sa hannu a takardar sulhu a 2003, wani fim ɗin talabijin da Kevin Costner ya fito a cikinsa a 2012 kuma ya ƙara wa sunan farin jini. Har akwai sashen turba da ke ɗauke da laƙabin Anse, a kusa da Matewan. Ni dai abin yana ɗaure mini kai, yadda kalmar da jiya zagi ce ta koma jari. Ba kowa ne a yankin ke murna da hakan ba, amma talla ce da ba a biya ko sisi a kanta ba.

Ta Ina Kuɗin Ke Shiga?

Masana tattalin arziki suna bambanta kuɗi iri biyu a gari. Idan mai shago ya sayi abinci wurin maƙwabciyarsa, ita kuma ta sayi sabulu a shagonsa, kuɗin gari ne ke zagayawa, arzikin garin bai ƙaru ba. Gari yana ƙaruwa ne idan ya sayar wa na waje wani abu, sabon kuɗi ya shigo. A da kwal ne ke wannan aiki: a loda shi a jirgin ƙasa a fitar, albashi ya shigo. Yawon buɗe ido shi ma fitar da haja ne, sai dai a nan mai saye ne ke tasowa ya zo inda hajar take.

Wannan ya sa adadin baƙi ya fi adadin mahaya muhimmanci. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu sayen izinin Hatfield-McCoy daga wajen jihar suke zuwa, daga irin su Ohayo da Fensilbaniya da Karolina ta Arewa. A shekarar farko 'yan dubbai ne suka sayi izini. A 2019 sun haura 50,000. A 2020 an rufe turbobin na wajen wata biyu saboda annobar korona, amma da aka buɗe sai mutanen da suka gaji da kulle suka yi caa, har a 2021 aka sayar da izini sama da 90,000. Cibiyar binciken kasuwanci ta Jami'ar Marshall da ke Huntington ta sha yin kiyasin abin da harkar ke jawo wa jihar, kuma lissafinta na baya-bayan nan ya kai miliyoyin daloli masu yawa a kowace shekara.

Kuɗin izini shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da baƙo ke kashewa. A ɗauka abokai huɗu ne suka taso daga wata jiha domin su yi kwana uku. Suna buƙatar wurin kwana mai filin da zai ɗauki tirela. Suna buƙatar mai na motar da ta jawo su da na baburan, kowace rana. Za su ci abinci sau uku, su wanke injunansu daga taɓo, idan taya ta fashe ko bel ya tsinke su nemi makaniki. Wanda bai zo da nasa ba zai yi haya, ɗan koyo zai nemi ɗan jagora. Idan aka kwatanta su da mai yawon ƙafa, wanda ke goye da tantinsa da garinsa a jaka, za a ga dalilin da ya sa ƙananan garuruwa ke zawarcinsu. Mutum ne mai nauyi, kuma nauyin nasa ne kasuwar. Wanda ya iya sayen motar dajin da kuɗinta ya haura dala 20,000 ba zai tsaya cinikin farantin abinci ba.

Daga nan kuɗin ke ratsa gari. Mai ɗakunan haya za ta biya mai shara da mai wanki da kafinta, su kuma su kai wa mai kanti, ƙaramar hukuma kuma ta karɓi harajin masauki. Tsofaffin gidajen leburori da suka yi shekaru a kulle an gyara da yawansu ana ba baƙi haya, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar jarin shiga: wanda ya gaji gidan kakarsa a bakin turba ya riga ya zama ɗan kasuwa. Garin Gilbert, wanda mazaunansa ba su kai 500 ba, yana karɓar babban taron mahaya duk watan Oktoba. Na tsawon shekaru ma babban cikas ɗin harkar shi ne ƙarancin gadaje, abin da ya sa aka karkatar da wani ɓangare na tallafin gwamnatin tarayya, na Hukumar Raya Yankin Afalaciya da na gyaran wuraren da aka gama haƙar ma'adinai, zuwa ga ayyukan da suka shafi turbobin.

Tulun kuma yana yoyo. Man da aka sha daga waje aka kawo shi, ribar mai gidan mai kaɗan ce. Injunan kansu kamfanoni irin su Polaris da Can-Am da Honda da Yamaha ke ƙera su a wasu wurare, kuma baƙo a garinsu ya sayo nasa. Abin da ke tsayawa a gari shi ne ladan aikin hannu da kuɗin haya, shi ma sai idan mai ɗakunan ɗan gari ne.

Inda Gizo Ke Saƙa

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: shin turba ta maye gurbin kwal? A ganina amsar a fili take, ba ta maye ba, kuma ba za ta iya ba. Aikin rami yana da haɗari, yana kuma lalata huhu, amma albashinsa na riƙe iyali guda da rufin asiri. Mai gyaran gado a masauki ko mai kai abinci tebur ba ya samun ko kusa da haka, ga shi aikin yana ja da baya idan sanyi ya tsananta. Ƙidaya ma ta nuna haka. Bayan shekara ashirin da buɗe turbobin, mutanen McDowell sun ragu daga 27,329 a 2000 zuwa 22,113 a 2010, sannan 19,111 a 2020. Wanda duk ya ce wa mutanen karkara babur zai dawo musu da zamanin da, yaudararsu yake yi. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: harkar ta hana wasu gidajen mai da kantuna rufewa, ta ba wasu matasa dalilin zama, ta kuma haifar da masu ƙananan sana'o'i na kansu a yankin da tun asali kowa yaron kamfani ne. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Matsala ta biyu ita ce ta fili. Yarjejeniyar da na yaba a sama tana da rauni a cikinta, domin kayan aro ba ya rufe katara. A 2015 an rufe sassa biyu, Little Coal River da Ivy Branch, bayan filin ya sauya hannu. Duk wanda ya ci bashi ya gina ɗakuna a bakinsu sai ya wayi gari ba baƙo. Sai a 2021 aka sake buɗe Ivy Branch. Wato har yanzu makomar mai ƙaramin jari tana rataye ne da shawarar da wani kamfani zai yanke a wani birni mai nisa, kamar dai yadda take a zamanin kwal.

Akwai kuma ƙorafin 'yan gari. Mutumin da tun yana yaro yake bin wata hanya kyauta, yau an ce sai ya sayi sitika ya sa hular kwano, kuma kada ya fita da dare. Wasu sun ƙi, suna nan suna bin hanyoyin da ba sa ƙarƙashin hukuma, baƙi ma suna bin su a can, inda ba doka ba mai tsaro. Haka nan da harkar ta bunƙasa, masu kuɗi daga wasu jihohi sun shigo sun sayi gidaje da filaye, ribar masauki ta fara bin su zuwa garuruwansu.

Sai hayaniya. Injin motar daji yana da ƙara, kuma dokar da ta kawo shi ƙofar gidan abinci ita ce ta kawo shi ƙofar gidan tsohuwar da ba ta sayar da komai. A garin Moab na jihar Yuta, wanda shi ma tsohon garin haƙar yuraniyom ne da ya koma rayuwa da baƙi, koke-koken mazauna sun yi yawa har hukumomin gari da na gunduma suka dakatar da ba da sabon lasin hayar waɗannan motoci a 2020. A garin Gorham na jihar Niyu Hamsha kuwa wasu mazauna kotu suka garzaya a 2018. Masu cin riba da masu shan ƙura ba kullum ne suke zama mutum ɗaya ba.

Ta fuskar muhalli, taya mai kauri tana tone ƙasa, ruwan sama ya kwashe ta ya zuba a rafi. Masu kare tsarin suna cewa turba mai magudanar ruwa da mai gyara ta fi hanyar sata sauƙin ɓarna, kuma ƙasar da aka riga aka fasa kan tsaunukanta ba babur ne zai zama babban maƙiyinta ba. Akwai gaskiya a nan, amma hujja ce da ta dace da wannan yanki kawai. Ba za a ɗauke ta a kai dajin da ba a taɓa ba. Haɗari ma yana nan: ɗaruruwan mutane ke mutuwa a kan irin waɗannan ababen hawa duk shekara a Amurka, kuma idan baƙo ya faɗa kwazazzabo, 'yan kwana-kwanan sa kai na ƙaramin gari ne ke hawa tsauni su ɗauko shi.

Abin Da Agadas Ta Gani

Ba sai mun tsaya a Amurka ba kafin mu ga garin da ya rayu da masu ratsa daji da mota. Agadas, a Jamhuriyar Nijar, inda Hausa ce harshen kasuwa, ta yi wannan zamani. Tseren motoci na Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ya riƙa bi ta garin, ya kuma sa Turawa suka san tsaunukan Ayar da hamadar Tenere. A shekarun 1980 kamfanonin yawon buɗe ido suka buɗe a garin, fitacce a cikinsu shi ne na Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau. Direbobin Land Cruiser da 'yan jagora da masu dafa abinci da makanikai da maƙeran azurfa da dukawa duk sun ci gajiyar baƙin da ke zuwa lokacin sanyi. Tsarin kuɗin iri ɗaya ne da wanda na bayyana a sama: sabon kuɗi daga waje, yana shiga ta hannun masu ƙananan sana'o'i.

Abin da ya karya shi ba mai fili ba ne, ba kuma hayaniya ba. Tawayen farkon shekarun 1990 ya kori baƙi, suka fara dawowa bayan sulhu, sai wani tawayen ya ɓarke a 2007. A 2008 aka soke tseren Dakar saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya. Sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 ya sa ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji yankin. Ko shigar da tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da jiragen baƙi yadda suke a da ba. Motocin suna nan, direbobin da suka san kowace rijiya a hamada suna nan, don haka da yawansu suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya. A 2015 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta haramta wannan jigila, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, har zuwa watan Nuwamba na 2023 da gwamnatin soja ta soke dokar.